Daga Safo Zuwa Birni: Zaɓen Wurin Cin Abincin Dare na Miji da Mata

Fitar miji da matarsa zuwa gidan abinci da dare, su biyu kaɗai, sabon abu ne a ƙasar Hausa, amma yana ta samun gindin zama har a garuruwan karkara. Safo, ƙaramar hukumar da ke gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi, na cikin irin waɗannan garuruwa. Tana zaune a kwarin Gulbin Maraɗi, kudu da birnin, kusa ƙwarai har mai lambu kan ɗora buhunan zogale ko salati a babur da asuba, ya kai kasuwa, ya dawo kafin azahar. Mutanenta matafiya ne. Suna shiga Maraɗi kullum, suna ƙetarawa Jibiya da Katsina da Kano fatauci, suna zuwa Yamai neman takardu ko ganin likita ko ziyarar dangi. A irin waɗannan tafiye-tafiye ne, idan an yi dace matar na tare da mijin, ake samun damar zama a ci abinci a wuri na musamman. Damar ba ta zuwa kullum, kuɗinta kuma ba ƙarami ba ne ga mai noman rani, don haka zaɓen wurin ya cancanci a yi masa tunani.

Kafin a san wurin da ya dace sai an san abin da aka je nema. A gida, tsarin cin abinci raba miji da mata yake yi. Maigida na ci a zaure ko ƙofar gida tare da ƙannensa da maƙwabta, kowa an fito masa da kwanonsa a haɗa a yi ciyayya, mata kuwa suna ci a tsakar gida tare da yara. Amarya kan yi watanni tana jin nauyin cin abinci a gaban mijinta, uwargida kuma sai ta shekara ashirin a ɗakinta ba ta taɓa kiran sunansa ba. Namijin da aka cika gani zaune gindin matarsa, majalisa ba ta rasa sunan da za ta laƙa masa, mijin-ta-ce ne mafi sauƙi a ciki. Wannan tsari na da kyawunsa, shi ke riƙe zumuncin unguwa, shi ke sa baƙo ba ya kwana da yunwa. Abin da ba ya bayarwa shi ne awa ɗaya ko biyu da mutum zai fuskanci matarsa su yi magana ba yaro na kuka, ba mai sallama a ƙofa, ba tukunya a kan murhu.

Wannan awa biyun ita ake saye a gidan abinci. Abincin kansa na biye ne, domin sau da yawa tuwon da aka baro a gida ya fi na birni daɗi. Ko a Faransa, inda irin wannan gidan abinci ya samo asali a birnin Paris cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 18, abin da ya bambanta shi da masaukan da suka gabace shi shi ne kowa da ƙaramin teburinsa, da takardar da mutum zai zaɓi abin da yake so, a lokacin da yake so, maimakon a zauna teburi guda a ci abin da aka dafa. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai ruɗu da ƙyalƙyalin fitilu ko tsadar wuri ba. Tambayar farko ita ce ko za a iya zama a yi hira cikin sirri da mutunci.

Ta fuskar addini babu abin zargi a cin miji da mata tare. Littattafan hadisi sun kawo yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ke ci da sha a ƙwarya ɗaya da Nana A'isha, sun kuma kawo cewa lomar da mutum ya sa a bakin matarsa ana ba shi lada a kanta. Abin da malamai ke ja a kansa shi ne wurin da kuma waɗanda suka je. Saurayi da budurwa da ba a ɗaura musu aure ba, al'adar yankin ba ta yarda su keɓe a birni da dare ba, zance a ƙofar gida ake yi, ko a fita da rana tare da ƙanwa ko ƙawa bayan iyaye sun sani. Saboda haka maganar da ke nan ta ma'aurata ce.

Rana da girki

Fina-finan Kano da na Indiya da littattafan soyayya, sai kuma wayar hannu daga baya, su suka yaɗa sha'awar wannan fita. Ranar 14 ga Fabrairu da ake yayi a wasu birane ba ta samu karɓuwa a yankin Maraɗi ba, malamai na suka a kanta duk shekara. Lokutan da mutane ke zaɓa na kansu ne: makon farko bayan biki, kwanakin sallah, bayan an sayar da amfanin lambu, ranar da ɗan ci-rani ya dawo, ko ranar da likita ya sallami matar da lafiya bayan doguwar jinya.

Ga mai mata fiye da ɗaya akwai lissafin da ba a tsallakewa. Daren na mai girki ne. Wanda ya ɗauki amarya ya fita da ita a daren uwargida ya ci haƙƙi, kuma labarin zai riga shi isa gida, domin a Maraɗi da wuya mutumin Safo ya zauna awa guda a bainar jama'a bai haɗu da wanda ya san shi ba. Masu hankali kan yi abin a bayyane: a faɗa tun kafin a tafi, kowace a fita da ita a nata kwanan, a kai ta wuri mai daraja ɗaya da na ƴar'uwarta. Ba dole ba ne wurin ya zama ɗaya, wata ta fi son kifi wata ta fi son kaza, amma idan an kai ɗaya babban otal an kai ɗaya rumfar bakin titi, an shuka rigimar da za ta daɗe. Haɗa su duka a tebur ɗaya abu ne mai kyau a wani lokaci, sai dai wannan fitar iyali ce, tana da nata amfani daban.

Maraɗi, birnin da ya fi kusa

Ga mafi yawan mutanen Safo, babban birni shi ne Maraɗi, cibiyar kasuwancin Nijar. Tsohon garin na cikin kwari ne har ambaliyar 1945 ta ci shi aka hau tudu, kuma har yau ana ganin bambanci tsakanin tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ɗan Gulbi, masu lunguna da cunkoso, da sababbi irin su Ali Ɗan Sofo da Zariya, masu faɗin titi da gidaje masu katanga. A tsofaffin ake samun tsire da masa da fura mafi daɗi, amma na tsaye ne ko na ƙunshewa a tafi. Wuraren zama da suka dace da mace mai lulluɓi sun fi yawa a sababbin unguwanni da gefen manyan tituna, sai kuma cikin otal-otal, waɗanda Jangorzo na cikin tsofaffinsu da aka fi sani.

Wuraren sun kasu iri-iri, kuma daga ƙofa ake gane su. Akwai gidan tuwo da shinkafa na ma'aikata da direbobi, mai dogon benci, inda ake ci a tashi. Abincinsa na iya zama mai kyau da araha amma maza ne zalla, mace za ta takura. Akwai sababbin wuraren matasa masu shawarma da soyayyen dankali da kirim mai sanyi, masu haske da sanyin na'ura, sai dai hayaniyar samari da ɗaukar hoto da waya ba sa barin hira. Akwai wanda ake kira maki, fili mai katanga da kujerun roba, inda ake gasa kaza da zabo da kifi a ci da aceke, wato garin rogon Kodebuwa, ko soyayyar ayaba. Gashin maki ba shi da na biyu, amma da yawansu ana sayar da giya ana kiɗa da ƙarfi. Sai ɗakin cin abinci na otal, wanda ya fi kowanne natsuwa da tsada.

Maganar giya a Maraɗi ba ƙarama ba ce. Birni ne mai riƙon addini da tsanani, wanda a watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a kusa da Yamai, masu bore suka far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Ganin mutum da matarsa suna fitowa daga wurin da aka san ana sha zai iya ɓata musu suna ko da ruwa kawai suka sha. Matar ce ta fi cutuwa da irin wannan magana. Ana gane wurin tun daga waje: akwatunan kwalabe a jere gefen katanga, fitila ja ko shuɗiya mai duhu, kiɗan da ke tashi bayan isha. Tambaya ma ba laifi ba ce, mai gadi zai faɗi gaskiya.

Akwai kuma wani abu game da otal da ya kamata a yi la'akari da shi. A idon mutane da yawa, shiga otal da mace na ɗauke da zargi ko da matar mutum ce. Saboda haka ɗakin abincin da ke da ƙofarsa daban, ko wanda ke cikin lambu a fili inda iyalai ke zama, ya fi wanda sai an ratsa ta gaban ɗakunan kwana.

Yamai da bakin kogi

Yamai na da nisan fiye da kilomita 600 daga Maraɗi a kan babbar hanya ta ɗaya, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar yini guda a manyan motocin safa irin na Rimbo. Wanda ya iso da yamma a gajiye ya bar fitar sai washegari. Abin da Yamai ta fi Maraɗi da Kano da shi shi ne kogin Kwara. Wuraren cin abinci da ke kan gangaren gabar hagu na fuskantar yamma, rana na faɗuwa a bayan ruwa, iska na tasowa, jemagu na ketawa sama garke-garke. Barandar Grand Hôtel, wadda ke kallon gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, ta daɗe da suna wajen tsire da kallon faɗuwar rana, amma wuri ne da ake shan giya a fili, kuma ya kamata mai zuwa ya san haka tun kafin ya hau. Manyan otal na zamani irin su Radisson Blu, wanda aka buɗe a 2019 gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka, suna da tsabta da tsaro da natsuwa, farashinsu kuwa na jakadu da manyan ƴan kasuwa ne. Tsakanin waɗannan da rumfunan kasuwa akwai matsakaitan wurare da yawa a unguwar Filato da kewayenta, na ƴan ƙasa da na Lebanawa da na ƴan Senegal da na ƴan Sin, kuma a cikinsu ne mai matsakaicin hali zai fi samun biyan buƙata.

Mutumin Safo ya san kifi, tafkin Madarunfa na maƙwabtaka da shi, amma giwan ruwa na Kwara, wanda takardun abinci ke rubutawa da sunan kapiten, abu ne da ya cancanci a ɗanɗana: tsoka ce fara mai kauri, ƙayarta kaɗan, mace na iya ci da cokali mai yatsu ba tare da ta ɓata hannu ko mayafi ba. Dambun zogale kuwa, wanda ƴan Yamai ke ji da shi, ba shi ne abin da za a biya kuɗi mai yawa a kansa ba ga wanda ya fito daga kwarin da ake noman zogalen, tsakanin Safo da Sumarana da Jiratawa.

Takardar abinci a Yamai da Faransanci take, duk da cewa a 2025 hukumomi sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Masu kawo abinci kusan duk suna jin Hausa ko Zabarmanci. Wanda bai yi lakwal ba kada ya ji kunyar cewa a karanta masa. Abin tambaya biyu ne: mene ne a ciki, nawa ne. A wuraren Turawa da na ƴan Sin ana iya samun naman alade, ana kuma dafa wasu miya da giya, don haka a tambaya a fili.

Kano

Hanyar Kano ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina take bi. Iyakar Najeriya da ke kan wannan hanya ta sha rufewa, daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma matsalar ƴan bindiga a dazukan yankin ta sa ba mai hankalin da ke bin ta da dare. Ma'ana, cin abincin dare a Kano na tare da kwana a can, kuma kyautuwa ma'aurata su riƙe katin shaidarsu da takardar aure idan suna da ita. A Kano ana aiki da shari'a tun 2000, hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003 na kai samame otal-otal da wuraren shaƙatawa, takardar kan kashe dogon bayani.

A wani ɓangaren wannan tsari sauƙi ne ga baƙo. Mafi yawan gidajen abinci a birnin ba sa sayar da giya, in ban da Sabon Gari da wasu keɓaɓɓun wurare, da yawa kuma na da wurin salla da ɓangaren iyali. Natsattsun wurare sun fi yawa a Nasarawa da Bompai, inda manyan otal irin su Tahir Guest Palace suke, tare da gidajen abincin Lebanawa da Indiyawa da ƴan Sin. Lebanawa sun fi shekara ɗari a Kano, kuma abincinsu ya dace da irin wannan zama, domin ƙananan kwanoni ake jerawa a tsakiya, da gurasa da gasasshen nama, mutum biyu su ci tare a hankali. Titin gidan Zu, inda katafaren kantin Ado Bayero da aka buɗe a 2014 yake, cike yake da wuraren ci, amma na yawo da yara ne da haɗuwar matasa, a ƙarshen mako ko wurin ajiye ƙafa da wuya.

Kuɗi a Kano na buƙatar shiri. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a 2023 ta faɗi ƙwarai, mai sefa a aljihu kan ga kamar komai ya yi araha, amma farashin abinci ma ya hau, kuma lissafin canji a ka yana yaudara. A canza kuɗin da rana wurin wanda aka sani. Kanawa sun saba biya da kati ko tura kuɗi ta waya, abin da baƙon da ba shi da asusun banki a Najeriya ba zai iya ba, sai ya riƙe tsaba. A manyan wurare ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan abin da aka rubuta, wasu su ƙara kuɗin hidima.

Duba wuri kafin a zauna

Hotunan Facebook da TikTok da taurarin da ake bai wa wurare a taswirar Google na taimakawa wajen sanin inda wuri yake, amma ba a dogara da su. A biranen nan masu rubuta ra'ayi kaɗan ne, wurare na canza hannu, mai dafuwa na tashi, hoton bara ba ya nuna teburin bana. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce ta mace mai aure da ke zaune a birnin, ƴar'uwa ko matar aboki, domin ita ta san inda mace ke sakewa da inda ake ƙura mata ido. Shaidar direba ko ɗan kabu-kabu ta fi amfani wajen gano inda nama ke da daɗi.

Mafi kyau shi ne mijin ya leƙa wurin da rana shi kaɗai, ya sha lemo, ya duba. Ya ga wurin wanke hannu, akwai ruwa da sabulu ko babu. Ya shiga ban-ɗaki, domin wanda bai kula da ban-ɗakinsa ba bai kula da madafarsa ba, kuma mace na buƙatar wanda ke da ƙofa mai rufuwa da buta. Ya tambaya ko akwai injin wuta. Ya ga su wa ke zama, iyalai ne ko gungun samari. Ya karanta farashi a natse, ba a gaban matarsa ba, inda kunya za ta hana shi tashi. Idan ya gamsu ya ce a ajiye masa tebur, ya nuna wanda yake so.

Teburin da ya dace na kusurwa ne, nesa da ƙofa, nesa da talabijin da lasifika, nesa da hanyar madafa. A daren da ake wasan ƙwallon Turai, duk wurin da ke da babban allo ya zama gidan kallo. Matar ta zauna tana fuskantar bango ko lambu, bayanta ga jama'a, ta yadda za ta iya sassauta mayafi ko ɗaga niƙabi ta ci a sake. Wannan ƙaramin abu shi ke raba daren da aka ji daɗi da wanda mace ta tsakuri loma uku ta ce, "Alhaji, na ƙoshi, mu tafi." Haske ya zama matsakaici, wanda za a ga abin da ake ci. Duhun da wasu wurare ke yi da sunan soyayya ba ya yi wa matar aure daɗi, yana sa ta ji kamar an kawo ta inda bai kamata ba.

Tsabta kuwa ba a sassauta mata. Annobar kwalara ta 2018 a Nijar daga gundumar Madarunfa ta fara, cikin watan Yuli, mutanen yankin ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan abin da gurɓataccen ruwa ke yi. Masu lambu kuma sun fi kowa sanin hannu nawa salati ke bi kafin ya isa faranti. Ɗanyen ganye da ƙanƙara da zoɓon da aka haɗa a buɗaɗɗen bokiti su ne abin tsoro, musamman da damina. Ruwan gora mai hatimi ya fi. Matsalar wuta ma ta shafi abinci kai tsaye: Nijar ta daɗe tana sayen mafi yawan lantarkinta daga Najeriya, kuma da aka yanke layin a Agustan 2023 kowa ya ga yadda kayan firji ke lalacewa. Ko a lokacin lafiya wuta na ɗaukewa, nama ya narke ya sake daskarewa. Shi ya sa abin da aka gasa a kan garwashi a gaban ido, ya zo da zafinsa, ya fi abin da aka ɗumama. Kifi a duba shi kafin a ɗora: ido garau, jan ciki a ƙarƙashin kunne, tsoka mai tauri. Wurin da ke da ciniki kuma kayansa ba sa kwana.

Abin da za a ci da abin da za a biya

Kuskuren da aka fi yi shi ne mijin ya zaɓa wa matar, ko ya cika tebur don nuna bajinta. Mace da ba ta saba ba, idan aka tambaye ta, amsarta ɗaya ce, "Duk abin da ka zaɓa." Wannan kunya ce, kuma maganinta a tambaye ta tun a masauki, a kawo mata abu biyu ko uku ta ɗauki ɗaya. Tsari mai kyau shi ne abu ɗaya da aka sani da abu ɗaya baƙo, a ci tare: gasasshen zabo da shinkafa, sai a ɗanɗana wani abin da ba a taɓa ci ba. Idan baƙon bai yi ba, ba a tashi da yunwa ba. Cin abinci da hannu ba abin kunya ba ne, ko a babban otal ana kawo ruwan wanke hannu ga wanda ya nema. Gashi na ɗaukar lokaci, zabo ko babban kifi kan kai rabin awa ko fiye, kuma wannan jiran shi ne lokacin hirar. Wayoyi su koma aljihu.

Game da kuɗi, mutum ya yanke abin da zai kashe tun daga gida, ya ware na mota da na tsaraba, sannan ya nemi wurin da ya yi daidai da saura. Abin da ba a rubuta farashinsa ba, kamar kifin da ake sayarwa gwargwadon girma, a yi cinikinsa kafin a ɗora a wuta. Idan takardar lissafi ta zo a karanta ta, ba rowa ba ce. Ɗan abin da ake bar wa yaron da ya yi hidima ba dole ba ne a Maraɗi ko Kano, amma albashinsu ƙarami ne, dala ashirin ko arba'in na kuɗin sefa na faranta musu rai. Cin bashi don wannan fita ba shi da ma'ana, matar da ta san halin gidanta ba za ta ji daɗin abincin da ta san kuɗin taki ne aka ci ba.

Lokaci da komawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne a yi magariba a masallacin da ke kusa, a zauna, a tashi a yi isha, ko a yi isha da wuri a zauna zuwa ƙarfe tara da rabi. A Yamai, mai son ganin faɗuwar rana ya isa kafin magariba ya tabbatar akwai wurin salla. Da azumi wurare na cika da masu buɗa-baki, sai bayan asham ake samun sarari. Yanayi ma na da nasa hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu zaman waje ya fi daɗi, da mayafi mai kauri saboda hunturu. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ɗaki mai na'urar sanyi ko fili mai iska bayan isha. Da damina sauro ke mulkin lambu da bakin kogi, hadari kuma na iya tashi a watse.

Abin hawa na komawa a shirya shi kafin a zauna. A Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013, a Yulin 2022 kuma gwamnati ta sa dokar hana adaidaita sahu yawo daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, don haka baƙo ya tambayi halin da ake ciki ya kuma karɓi lambar direban da zai dawo ya ɗauke su. A Yamai motocin tasi na raguwa da dare, kuɗinsu na ƙaruwa. Wanda ya ci a Maraɗi yana son kwana a Safo ya tashi da wuri, domin hanyoyin gundumar Madarunfa ba na tafiyar tsakar dare ba ne a ƴan shekarun nan, da damina kuma ruwan gulbi kan ɓata hanya. Idan dare ya yi, kwana gidan dangi a birni ya fi.

Ba a komawa gida hannu rabbana. Uwar miji da abokiyar zama da yara na da rabonsu, kuma tsarabar ce ke sa mutanen gida su karɓi fitar da fara'a, su yi addu'a a sake. Ba ragowar faranti ake kai musu ba, sabon ƙunshi ake sa a yi: tsire ko balangu idan daren za a koma, kilishi ko dambun nama ko gurasar Kano idan tafiyar ta kwana ce, tun da su ba sa lalacewa a hanya. A ba da odarsa tun ana tsakiyar ci, don ya zo tare da takardar lissafi.